Ginshiƙi da Baka: Ziyarar Gidan Ɗan Hausa a Kano

Duk wanda ya taso daga Zurmi ko Shinkafi da niyyar ganin gidan wani babban Bature na zamanin mulkin mallaka, yakan zaci zai tarar da farin gini mai dogayen ginshiƙai jere a gaba, irin wanda ake gani a hotunan fadar shugaban Amurka. Wannan zato yana da tushe, domin kuwa irin ginin da Ingilishi suka fi so wa gwamnoninsu ke nan a ƙasashe da yawa. Salo ne da Turawa suka farfaɗo da shi a tsakiyar ƙarni na 18, suna kwaikwayon gine-ginen Girkawa da Rumawan dauri, musamman bayan da aka fara tono biranen Herculaneum a 1738 da Pompeii a 1748 a ƙasar Italiya. Alamominsa ba su ɓoyuwa: ginshiƙai zagayayyu, da goshi mai kusurwa uku a bisansu, da matakala mai faɗi, sa'an nan ɓangaren dama ya yi daidai da na hagu kamar an auna da sikeli. Babban misalinsa shi ne gidan gwamna na Kalkata a Indiya, wanda Lord Wellesley ya sa aka gina daga 1799 zuwa 1803. Manufar irin wannan gini ita ce mai shigowa ya ji ya ƙanƙance tun kafin ya ga mai gida.

To amma a ƙasar Hausa al'amarin bai bi wannan hanya ba. Lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903 babu jirgin ƙasa, sai a 1911 layin dogo ya iso, Ƙauran Namoda kuwa sai a 1929. Siminti da kwano da katako duk sai an ɗauko su a ka ko a bayan jaki daga bakin Kwara, gwamnatin Lugga kuma ba ta da kuɗin wannan ɗawainiya. Saboda haka razdanoni da di'o-di'o na farko suka koma ga maginan gari, aka yi musu gidaje da tubali da azara.

Daga cikin waɗannan gidaje, wanda ya fi saura da kamanninsa shi ne Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Mai gidan, Hanns Vischer, jami'in ilmi ne, bai taɓa riƙe gwamna ba, amma gidansa ya isa ya nuna yadda manyan Turawan Arewa suka zauna. An haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, kana ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909. Ƙwarewarsa da harshe ce ta sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Abin da zai fara ɗaukar idon maziyarci shi ne zankwaye a bisa kusurwoyi, da kaurin bango. Kaurin nan ne ke tsare sanyin dare ya riƙe shi har tsakar rana, abin da ginin siminti bai iya ba. A ciki kuwa sai a ɗaga kai. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta, amma ba ta iya ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai ba tare da ta lanƙwashe ba. Dabarar magini ita ce ya dasa azara cikin bango, ya ɗora wata a kanta tana ɗan leƙowa gaba, ya ɗaure, ya ƙara wata, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama, sa'an nan ya lulluɓe su da ƙasa. Wannan shi ne baka. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tuluwa, shi ake kira ɗaurin guga. Ashe aikin da ginshiƙi ke yi wa Bature a waje don mutane su gani, baka ke yi wa Bahaushe a ciki, inda sai wanda aka yi wa iso zai gani. Ƙwarewar nan ta daɗe kafin zuwan Turawa, shaidarta kuwa ita ce masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi. Ginshiƙin dutse yana iya shekaru ba a taɓa shi ba, amma soro sai an duba shi kowace shekara kafin damina: a gyara indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓen makuba. Damina biyu ko uku aka yi sakaci, ruwa ya sami hanya zuwa ga azara, baka ya zube. A Zurmi da Ƙauran Namoda, kamar sauran garuruwan Arewa, bulo da kwano sun rinjayi tubali, maginan da suka iya ɗaure baka kuma tsofaffi ne galibinsu, 'ya'yansu sun koma kwaɓa siminti.