Me Ya Sa Remote Desktop Ke Yankewa Ana Tsakiyar Aiki?

Matasa da dama a Birnin Kebbi da Argungu suna shiga kwamfutar da ke wani gari ta wayarsu. Wani yana kula da lissafin shagon shinkafa, wani kuma ya yi hayar sabar a Turai don aikin intanet. Hanyar da aka fi bi ita ce manhajar Remote Desktop ta Microsoft, wadda yanzu ake kira Windows App. Ana cikin aiki sai allo ya daskare, a jefo mutum waje, nan take ya ɗora wa netwok laifi. Sau da yawa laifin ba nasa ba ne, kuma lokacin da yankewar ke faruwa shi ke nuna inda matsalar take.

Idan yankewar ba ta da ƙayyadadden lokaci

Wannan alamar netwok ce. Mai tafiya a mota daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, wayarsa na sauya eriya, tana sauka daga 4G zuwa 3G, kowane sauyi kuma na iya tsinke haɗin. Haka idan jama'a suka yi cunkoso wuri guda, kamar lokacin bikin kamun kifi a Matan Fada. Idan kuma an ɗauke wuta, rautar Wi-Fi na mutuwa kafin janareto ya tashi. Maganin shi ne a zauna wuri ɗaya, a kulle wayar a kan 4G, a rage girman allo a saitin manhajar.

Idan tana yankewa da an bar manhajar

A nan wayar ce. Android na tsayar da manhajojin da ke aiki a ɓoye don tanadin batir, don haka leƙa WhatsApp na minti ɗaya ya isa. A shiga saitin batir a cire wa manhajar takunkumi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi, wayar da ke caji tana aiki na rage gudunta da kanta.

Idan tana yankewa bayan mintuna iri ɗaya kullum

Sabar ce ke korar mutum. Windows Server na da dokar da ke yanke wanda ya daɗe bai taɓa komai ba, kuma mai kula da sabar ne kaɗai zai iya sauya ta a Group Policy. Wani lokacin kuskuren manhaja ne: a farkon 2025 Microsoft ta tabbatar cewa wasu kwamfutocin Windows 11 na yankewa bayan daƙiƙa 65 idan suka haɗu da Windows Server 2016 ta hanyar UDP, daga baya ta fitar da gyara.

Idan saƙo ya ce wani ya shiga

Windows Server na barin mutum 2 ne kawai su shiga lokaci guda idan babu lasisin RDS. Abokan aiki da ke raba suna da kalmar sirri ɗaya kuwa, duk wanda ya shiga sai ya ture na ciki. Idan babu wanda aka ba kalmar, abin ya zama na tsaro: ɓarayin intanet na laluben ƙofa mai lamba 3389 dare da rana. A sauya kalmar sirri nan take, a koma shiga ta VPN.

Inda sabar ke rubuta dalili

A cikin Event Viewer, ƙarƙashin TerminalServices-LocalSessionManager, lamba 24 na nuna yankewa, 25 dawowa, 40 kuma na ɗauke da dalili. Dalili na 3 na nufin an daɗe ba a taɓa komai ba, na 5 kuma wani haɗin ne ya maye gurbin na farko.

Yankewa ba fita ba ce. Yawanci aikin na nan buɗe a sabar, da an sake shiga za a tarar da shi, sai dai idan an sa dokar rufe zaman da aka bari. Saboda haka a riƙa adana aiki akai-akai, a kuma rubuta lokacin kowace yankewa kafin a kira mai kula da sabar.