Ragar Aikin Ƙaba: Nauyi, Ciwo da Kuɗi a Ma'auni

Duk shekara ana yi wa mutum kusan miliyan 20 aikin ƙaba a duniya. Wani bincike a Ingila ya nuna cewa maza 27 cikin 100 za su buƙaci aikin a rayuwarsu, mata kuwa 3. Idan an tsaga matsematsi, likitoci da yawa kan bi hanyar Lichtenstein, su shimfiɗa raga inda bangon ciki ya yi rauni. Raga kuwa iri-iri ce.

Ma'auni na farko nauyi ne. Mai nauyi takan kai giram 80 ko fiye a kowace murabba'in mita, idanunta ƙanana. Marar nauyi ba ta kai giram 50, idanunta kuma sun fi milimita 1 faɗi. Wajen hana ƙaba dawowa, bincike bai nuna tazara tsakaninsu ba. Bambancin yana wajen ciwo: mutum 10 zuwa 12 cikin 100 na fama da ciwo mai daɗewa bayan aiki, marar nauyi kuma takan rage shi, ta rage jin baƙon abu a jiki.

Na biyu kuɗi. A 2016, mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin da aka yi wa maza 302 a gabashin Uganda. An sa wa rabinsu ragar kamfani ta dala 125, rabi kuma ragar gidan sauro da ba ta kai dala 1 ba, marar maganin sauro, wadda aka kashe ƙwayoyin cutarta da tururi. Bayan shekara guda, ƙaba ta dawo wa mutum 1 a rukunin mai araha, ba ta dawo wa kowa a ɗaya rukunin ba. Matsalolin bayan aiki: kashi 30.8 cikin 100 a rukunin mai araha, kashi 29.7 a ɗaya rukunin.

Mutum 1 cikin kusan 150 bai isa a ce raga ta gaza ba. Sai dai shekara guda gajeren lokaci ne, domin ƙaba kan dawo bayan shekaru. Gidan sauron da ke ɗakunanmu kuma yana da magani, ba na tiyata ba ne.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne manomin da ke fama da ƙaba shekara da shekaru saboda kuɗin aiki. Tazarar kuɗin raga, dala 124 a wancan gwajin, tana cikin abin da ke tsakaninsa da komawa gona, alƙaluman Uganda kuma sun nuna ana iya rufe ta.