Bala Miller: Ɗan Zazzau Da Ya Kai Waƙar Hausa Ikko

Duk wanda ya zaga garin Gombe a 'yan shekarun nan, tun daga Jekadafari har Pantami, zai iske samari da yawa sun duƙufa ga sana'ar waƙa. Yaro shi zai tsara waƙarsa, shi zai biya kuɗin ɗaukar murya daga aljihunsa, shi ne kuma zai bi gidajen biki da masu tura waƙa a waya yana tallarta. Sau da yawa kuwa baiti ɗaya Hausa ne, na biye da shi Turanci. Wannan ya sa wasu dattawa ke ƙorafi, wai yaran zamani sun ɓata waƙar Hausa da baƙon harshe da baƙon kiɗa. Su kuwa yaran cewa suke yi in ba su surka da Turanci ba, da zarar an haye Kwara babu mai sauraronsu.

To, wannan gardama ba yau aka fara ta ba. Akwai mutumin da ya sha fama da ita tun waɗannan samari ba su zo duniya ba, shi ne marigayi Bala Miller. Labarinsa kuwa ya shafi duk ɗan Arewa da neman abinci ya kai shi Kudu.

Asalinsa

An haifi Bala Miller a garin Pankshin da ke Jihar Filato ta yanzu cikin shekarar 1928. Mahaifinsa mutumin Zazzau ne, limamin coci, yana cikin Hausawan farko da suka shiga addinin Kirista. Da yake aikin uban na yawo ne, sai aka mai da shi Lokoja Bala yana yaro ƙarami. A can ne yaron ya fara taɓa kayan badujala, wato ƙahonin tagulla da ganguna irin na soja, ya kuma shiga cikin makaɗan makaranta.

Daga Lokoja sai Ikko, inda ya shiga makarantar CMS Grammar School, wadda aka kafa tun 1859. Zaman Ikko sai da kuɗi, kowa ya sani. Don haka Bala ya shiga ƙungiyar makaɗa ta Calabar Brass Band, suna busa a tituna da wuraren biki, abin da ya samu ya ƙara a kuɗin makaranta.

Da ya gama karatu sai ya kama aiki a kamfani. Da rana yana ofis, da dare ya ɗauki ƙahonsa ya tafi wurin wasa tare da ƙungiyar Samuel Akpabot. A lokacin nan kiɗan hailaif ne ke tashe a Ikko da Akara, manyansa kuwa su ne irin su Bobby Benson da E. T. Mensah na Gana. Bala ya yi zama da Victor Olaiya, har ya tsara wa ƙungiyarsa waƙoƙi. Wato dai ɗan Arewa ya shiga tsakiyar makaɗan Kudu ya zauna daram, ba a matsayin ɗan kallo ba.

Ba Shi Da Ubangida

A nan ne bambancinsa da mawaƙan gida ya fito. A ƙasar Hausa makaɗin fada yana da ubangida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, wanda ke ba shi doki da riga da hatsi. Su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos ba su zauna ƙarƙashin sarki guda ba, amma suna da jama'a masu yi musu kari a duk inda suka sauka. Bala Miller ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun nan. Kayan kiɗansa daga Turai ake sayo su, makaɗansa kuwa albashi suke jira, ba rabon abin da aka samu a fage ba.

Saboda haka shekara da shekaru bai saki aikin albashi ba. A 1956 ya koma kamfanin mai na BP, aka tura shi Arewa, ya kafa ƙungiyar makaɗa a Kaduna. Bayan shekara goma ya kama aiki da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa a Ikko, nan ma ya kafa mata ƙungiya mai suna Harbours Dance Band.

A 1973 Gwamnan Jihar Kano na lokacin, Alhaji Audu Baƙo, ya nemi shawararsa kan yadda za a rage yaran da ke gararamba a gari ba aikin yi. Bala ya ce a buɗe makarantar koyon kiɗa, aka kuwa buɗe ta a Kano. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da mutane da yawa ke ɗaukar kiɗa sana'ar gado ce, ko kuwa roƙo.

Harshe Biyu, Faifai Ɗaya

A farkon 1977 aka yi bikin FESTAC a Ikko, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Bala yana cikin waɗanda suka tsara sashen kiɗa na bikin. Ana gamawa sai ya kafa ƙungiyar kansa, yana da shekara kusan hamsin, ya sa mata suna Great Music Pirameeds of Afrika. Sun fara da mutum 12, har suka kai 28, suna wasa a kulob ɗin Costain da ke Kaduna.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, ga ƙaho, ga gita, ga ganguna irin na Turawa, amma da ya buɗe baki sai a ji Hausa tsantsa. Waƙarsa "Ikon Allah" ita ta fi kowacce shahara. Amma bai yar da Turanci ba, yakan sa waƙar Turanci kusa da ta Hausa a faifai guda. Dabarar ita ce, Bayarabe ko Inyamurin da ya saya don ta Turancin dole ya ji ta Hausar, Bahaushen da ke gadi ko sayar da goro a Agege da Idi Araba kuwa ya ji harshen gida na fita daga rediyon maƙwabcinsa. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA ya ba shi fili na musamman da ake kallo a ko'ina cikin ƙasa.

Ba a Nijeriya kaɗai mawaƙa ke wannan lissafi ba. A ƙasar Isra'ila masu jin Ibrananci ba su da yawa, don haka mawaƙan can da dama sukan haɗa da Turanci. Ga misali Achinoam Nini, wadda aka fi sani da Noa. An haife ta a 1969, kakanninta Yahudawan Yaman ne, ta tashi a birnin New York na Amurka, sa'an nan ta koma Isra'ila tana waƙa da harsunan biyu. A 2009 ita da Mira Awad, Balarabiya, suka wakilci ƙasar a gasar Eurovision da waƙar da ta haɗa Ibrananci da Larabci da Turanci. Shi kuwa mawaƙin Hausa ya fi su jari, domin masu jin harshensa sun ninka nasu sau da yawa, daga Nijar har Gana da Sudan.

Abin Da Ya Bari

Bala Miller ya rasu a 2003. Shekara biyu kafin nan, wani kamfanin faifai na Landan mai suna Strut ya tattara fitattun waƙoƙin Nijeriya na shekarun 1970 ya fitar da su da sunan Nigeria 70. A cikinsu, tare da na Fela Kuti da King Sunny Ade, akwai "Ikon Allah". Abin lura a nan, da Turawan suka zo zaɓe, ta Hausar suka ɗauka.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bala ya bar gida tun yana yaro, ya yi karatu da aiki cikin Yarabawa, ya iya Turanci kamar me, amma bai bar harshen iyayensa a tasha ba. Samarin Gombe masu surka baiti, da magidantan da 'ya'yansu ke tashi a Ikko da Badun da Fatakwal Hausarsu na tsinkewa, duk suna da abin dubawa a nan. Turanci ya buɗe wa Bala Miller ƙofofin Ikko, amma da waƙar Hausa ake tunawa da shi har yau.