Turke Kafin Wuƙa

A bayan wani gida da ke kan hanyar Gwarzo zuwa Getso na tsaya kallon wani duƙushi bikili, ɗan wata 10. Ƙafafu sun yi wa jikinsa tsawo, geza ba ta gama kwanciya ba. Amma da wata goɗiya ta gifta, sai ya ɗaga kai, ya naɗe leɓen sama, ya saki 'yar haniniya mai rawa. Mai gidan, dattijon da ya tsufa cikin dawaki, ya ce da ni, "Malam, ka ji ko? Yaro ya fara sanin kansa."

Wata 11 goɗiya ke ɗauke da ciki, ɗan kuma akan yaye shi wajen wata 6. Daga shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana iya yin barbara ta kama, kuma bai san uwa ba, bai san 'yar'uwa ba. Goɗiyar da ba ta so kuwa, harbi ɗaya za ta yi masa ya gurgunce. Don haka duk mai kiwo a Kabo ko Garo da ya bar namiji cikin mata, tambaya na jiransa: a fiɗiye shi, ko a raba su?

A Turai da Amurka yawanci fiɗiya ake yi, tun doki bai kai shekara 2 ba. Fiɗiyayye yakan yi sanyin hali, yakan ɗan ƙara tsawo in an yi da wuri, amma wuyansa ba ya cika. Mu kuwa a ƙasar Kano wuyan nan shi ne ado. Hakimi ba ya zuwa Hawan Daushe a kan goɗiya. Ingarma ake nema, mai tabarya, mai tauna linzami, domin kyan ɗa ya gaji ubansa. Ga kuma karatun zaure: Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta halatta dandaƙar tumaki don gyaran nama, ta kawo hani a kan yi wa dawaki. Masu sharhi sun yi rangwame ne kawai ga dokin da ya zama mugu, ya gagari kowa.

Shi ya sa a nan turke ke riga wuƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin duƙushi ya cika shekara, a kafa masa turkensa nesa da mata, amma inda zai riƙa hangen wani doki, don kaɗaici na ɓata masa hali. A saba masa da ragama da dabaibayi da shafar hannu. Sau da yawa abin da muke kira mugunta, ɗauri ne ya yi yawa, hatsi ya yi yawa, kilisa ta yi kaɗan.

In duk an yi wannan ya ƙi, to aikin likitan dabbobi ne, ba dandaƙa irin ta bijimi ba. Sai an tabbata marainan biyu sun sauko. A jira hunturu, lokacin da ƙuda ya ragu, kada a yi da damina. A yi masa allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora, domin doki na cikin dabbobin da ta fi kamawa. Bayan aiki a riƙa jansa yawo kullum saboda kumburi, kuma kada ya koma cikin goɗiyoyi sai bayan mako 6, don sauran iri bai ƙare ba.

Na tambayi dattijon shawarar da ya yanke. Ya shafa wuyan bikilin ya ce, "Doki ɗaya a fage gudu gare shi. Bari ya girma mu gwada shi da 'yan'uwansa, mu san halinsa. Abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa." Da na juya, jikansa na can gindin tsamiya yana haƙa ramin turke.