Cin Rani a Gonakin Ostireliya Ba Tare da Digiri Ba

Tun 1975 Ostireliya ke ba matasan wasu ƙasashe bizar shekara guda, su yi yawon buɗe ido, su kuma yi aikin da zai riƙe su. Da Birtaniya da Ayalan da Kanada aka fara, Japan ta shigo a 1980. Bizar da ake kira 417 ba ta tambayar takardar makaranta ko guda. Abin da ake so shi ne shekarun mutum su kasance 18 zuwa 30 (wasu ƙasashen har 35), ya nuna yana da kimanin dalar Ostireliya 5,000 ta guzuri, sannan fasfonsa ya zama na ƙasar da aka ƙulla yarjejeniya da ita. 'Yar uwarta, 462, ita ce ke neman shaidar karatun gaba da sakandare daga 'yan ƙasashe da dama.

Aiki kuwa akwai shi: wanke-wanke a gidan abinci, gyaran ɗakunan otal, leburanci a wurin gini bayan ɗan gajeren kwas na kiyaye haɗari. Amma inda gizo ke saƙar shi ne gona. Daga 2005, wanda ke son ƙarin shekara sai ya yi kwana 88 yana aiki a karkara. Shi ya sa ake ganin 'yan Jamus da Taiwan suna tsinkar inabi a Mildura, wasu na saɓa gungun ayaba a kafaɗa cikin zafin Tully.

Wannan sharaɗi shi ya miƙa wa mai gona wuƙa da nama. Yaro ya sauka a masaukin baƙi da ya yi masa alkawarin aiki, ya biya kuɗin gado na mako, ya biya kuɗin motar da ke kai shi gona da asuba, wani lokacin ya shafe kwanaki yana jiran a kira sunansa. In an kira, a biya shi gwargwadon akwatunan da ya cika. Ba ya iya ɗaga murya, domin takardun albashin da mai gona ke bayarwa su ne hujjarsa a gaban hukumar shige da fice. Binciken da hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙasar ta fitar a 2018 ya tabbatar da tauye albashi a gonaki masu yawa, kuma sai a 2022 aka wajabta mafi ƙarancin lada na kowace awa ga masu aikin jinga a lambuna. A ganina an makara ƙwarai. Ƙasar da ke buƙatar hannun da zai tsinke mata amfani, kamata ya yi ta biya shi kuɗinsa, ba ta ɗaure shi da biza ba. Birtaniya ta gane haka, ta sa aka cire wa 'yan ƙasarta sharaɗin gonar daga Yulin 2024.

Ga matashin Kano ko Maraɗi, magana ɗaya ce: Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen bizar nan, ko 417 ko 462. Duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi zai samo ta a kan fasfonmu, damfara ce ya shirya, kuma a kai ƙararsa kafin ya karɓe kuɗin gonar wani.