Ƙwallon Ƙafa da Lafiyar Samarin Gunduma

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakimai da magatakardansu. Yau da wuya a sami garin da samarinsa ba su kafa ƙungiyar ƙwallo ba, amma dattawa da yawa suna ɗaukar abin shiririta ne. Nufinmu mu nuna amfaninsa, da abin da ya wajaba a kan shugabanni game da shi.

Amfaninsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki sosai na minti 60 kowace rana, babba kuwa aƙalla minti 150 a mako. Wasa guda minti 90 ne, ban da horon da ake yi kafinsa. Gudun nan yana ƙarfafa zuciya da huhu da ƙashi, yana kuma rage hatsarin hawan jini da ciwon sukari idan girma ya zo.

Har wa yau akwai maganar zaman banza. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi, saboda ɓarnar da shansa ya yi wa matasa. To, doka tana iya rufe kanti, amma ba ta samar wa saurayi abin yi da la'asar. Wanda ya san gobe unguwarsu za ta kara da wata, kuma mai horarwa zai ajiye shi a gefe in ya zo a buge, yana da dalilin kama kansa.

Maganar fili

Ga inda babbar wahalar take. Garuruwa suna bunƙasa, ana ta yanka filaye ana mai da su fuloti, sau da yawa kuwa filin ƙwallo ake fara ci, domin ba shi da mai tsaya masa. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izni a kansu. Watau ba hakimi ke rabo ba, amma maganarsa tana da nauyi. Saboda haka ya kamata ya sa dagatai da masu unguwa su nuna filayen da ake wasa, magatakarda ya rubuta wurinsu da girmansu, a aika wa ƙaramar hukuma a roƙi a keɓe su. Cikakken fili tsawonsa ba ya kasa mita 90, faɗinsa mita 45. Na yara ƙanana bai kai haka ba.

Abin da za a kiyaye

1. Kowace ƙungiya ta sami dattijo guda wanda zai zama ubanta, a rubuta sunansa a ofishin hakimi.
2. A tsince kwalba da ƙusa da ƙaya kafin wasa. Rauni mai datti shi ke kawo cutar nan mai sarƙe haƙora. A wanke shi da sabulu, a kai yaron asibiti.
3. Da bazara kada a yi wasa da tsakar rana, a kuma tanadi ruwa mai tsabta.
4. Mai zazzaɓi ya huta. Mai amosanin jini ko asma ya fara jin shawarar likita.
5. A tashi kafin magariba, kada kuma wasa ya ci lokacin makaranta ko gona.

Samari suna son ambaton Ahmed Musa, wanda ya yi wa Kano Pillars wasa, ya kuma ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar duniya ta 2014. Lalle kaɗan ne za su kai matsayinsa, amma kowane ɗayansu yana iya fita da lafiya da ladabi, waɗanda gunduma ta fi bukata. Rigakafi ya fi magani. Allah ya taimaki shugabanninmu, amin.