KUMBURIN MUƘAMUƘI BAYAN AIKIN ASIBITI

Akan yi wa mutum aiki a muƙamuƙi idan ya karye a haɗarin mota ko babur, ko idan bakin yaro ya ƙi buɗuwa bayan cutar noma. Mutanen Kibiya da Rano sukan je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin irin wannan aiki. A Sakkwato ma akwai asibitin yara masu cutar noma tun 1999. Likita yakan daidaita ƙashin, ya ɗaure shi da waya ko ƙananan ƙarafa. Yawancin mutane sukan warke sarai.

Amma jefi-jefi akan sami wanda wata ƙwayar cuta ta shiga masa wurin aikin. Likitoci suna kiran ciwon aktinomaikosis. Ƙwayar a cikin baki take zaune, har a bakin mai lafiya, ba ta cutar da kowa. Sai an yanka nama ko an taɓa ƙashi take samun ƙofa. Ba a ɗaukar ciwon daga wani. Makiyaya sun san irinsa a muƙamuƙin shanu.

Ciwon ba ya gaggawa. Yakan bayyana bayan makonni ko watanni, mai shi ya riga ya koma gona. Da fari kumburi ne mai tauri kamar icce a gefen haɓa, ba zafi sosai. Daga baya ya fashe, ya riƙa fitar da mugunya mai ƴan tsaki-tsaki ruwan ɗorawa. Ya rufe a nan, ya ɓullo a can. A nan mutane ke ruɗewa, su ce maruru ne, a kira wanzami ya yi sakiya. Sakiya ba ta kai wa inda ƙwayar take. In aka yi sake sai ta ci ƙashin.

Wanda ya ga haka ya ɗauki katinsa ya koma asibitin da aka yi aikin. In babu kuɗin motar Kano a ranar, ya fara zuwa Babban Asibitin Rano. Maganin ba ɓoyayye ba ne, fenisilin ne da danginsa, sai dai ana daɗewa ana sha, wani lokaci wata 6 ko fiye. Kada a daina don kumburi ya sace. Wani sa'in sai likita ya cire ƙarfen, ya wanke wurin.